Me ya haɗa ɓarawon intanet da buhun hatsi?

Tambaya daga wani Alhaji mai cinikin hatsi da wake a babbar kasuwar Maraɗi: "Na ji a rediyo cewa gwamnatocin Amurka da Turai suna yin dokoki don kare noma da cimaka daga masu kutse ta intanet. Mu da muke noma da hauya, muna auna hatsi da tiya, ina ruwanmu da wannan? In kuma da ruwanmu, me gwamnatinmu take yi a kai?"

Amsa:

Alhaji, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Kana da gaskiya ta wani ɓangaren. Gonar da ake shukawa da diddige, a nome da hauya, ba wanda zai zauna a wata ƙasa ya shige ta ta waya. Sai dai hatsi ba ya zama a gona. Kafin damin da aka yanke a Mayahi ya zama tuwo a Yamai ko Agadas, sai an ji farashi, an tura kuɗi, an kira direba, an rubuta buhuna nawa suka shiga mangaza. A yau kusan duk waɗannan ta salula ko kwamfuta ake yin su, kuma nan ne ɓarawon yake tsayawa.

Bari in fara da abin da ya tayar da hankalin waɗancan gwamnatoci, don ba haka kawai suka farka ba. A ƙarshen watan Mayu na 2021 masu kutse suka shiga kwamfutocin JBS, kamfanin nama mafi girma a duniya, wanda ke yanka kusan kashi ɗaya cikin biyar na shanun da ake ci a Amurka. Abin da suka sa masa wata muguwar manhaja ce mai kulle duk bayanan da ke cikin kwamfuta, ba ta buɗewa sai an biya. Mutanen Madarunfa da Gidan Rumji ba sa bukatar a yi musu dogon bayani: garkuwa ce, sai dai maimakon mutum, littafin ciniki aka kama ana neman fansa. Mayankan kamfanin a Amurka da Kanada da Ostareliya suka tsaya. Shanu na nan, wuƙaƙe na nan, ma'aikata na nan, amma ba mai iya cewa wannan saniya ta wane ce, ko wannan mota ina za ta. Kamfanin ya biya dala miliyan 11.

Wanda ya fi kama da sana'arka shi ne na watan Satumba na 2021. Wata ƙungiyar manoma mai sayen masara da waken suya a jihar Iowa ta Amurka, New Cooperative, ita ma aka kulle ta, aka nemi dala miliyan 5.9. Ka lura da watan, Alhaji: bakin kaka ne a can. Manomi ya cika mota ya zo bakin sikeli, kwamfutar da ke rubuta nauyi da suna ta mutu. Da takarda da biro suka ci gaba da karɓar kaya. A Afrilun 2022 hukumar binciken manyan laifuffuka ta Amurka, FBI, ta fito ta gargaɗi ƙungiyoyin manoma cewa ɓarayin na iya jiran lokacin shuka da lokacin girbi da gangan, domin sun san mai kaya ba zai iya jira ba, zai biya. A Mayun 2022 aka taɓa AGCO mai ƙera taraktocin Massey Ferguson, a Fabrairun 2023 kuma aka taɓa Dole mai cinikin kayan lambu da ƴaƴan itace, har wasu kantuna suka rasa ganyen salak ɗinsa.

To me gwamnatocin suka yi? A Amurka tun daɗewa an lissafa fannoni 16 da ake ɗauka rayuwar ƙasa ta rataya a kansu, irin su lantarki da ruwa da bankuna, kuma noma da abinci na cikin lissafin. Amfanin shiga wannan lissafi shi ne ana sanin wace ma'aikata ke da alhaki, ba a tsaya ana kallon-kallo ranar da abu ya faru. A 2022 suka yi dokar da ta ce kamfanin da ke cikin irin waɗannan fannoni, in aka kai masa babban hari, ya sanar da hukumar tsaron intanet ta ƙasar, CISA, cikin awa 72, in kuma ya biya fansa ya faɗa cikin awa 24, ko da yake rubuta ƙa'idojin aiki da dokar ya ci shekaru. A Nuwamban 2022 shugaba Biden ya sa hannu a kan umarni na musamman kan tsaron abinci da noma, kutse na cikin haɗurran da ya lissafa. A 2023 manyan kamfanonin abinci suka kafa cibiyar da suke faɗa wa juna irin harin da kowa ya gani. A 2024, da kuma 2025, wasu ƴan majalisa suka gabatar da ƙudirin da ke neman ma'aikatar noma ta riƙa binciken raunin fannin duk shekara biyu, a kuma riƙa yin atisaye kowace shekara kamar an kawo harin da gaske.

Tarayyar Turai ta bi ta hanyar tilas. Dokarta da ake kira NIS2, wadda aka amince da ita a ƙarshen 2022, ta sa masu sarrafa abinci da manyan dillalansa cikin waɗanda dole su tsare na'urorinsu, su ba da gargaɗin farko cikin awa 24, ƙarin bayani cikin awa 72, cikakken rahoto kuma cikin wata guda. Tarar irin waɗannan kamfanoni na iya kaiwa yuro miliyan 7 ko ma fiye. An ba ƙasashe zuwa 17 ga Oktoba 2024 su mayar da ita dokar gida, mafi yawansu ba su cika wa'adin ba. Kuma dokar matsakaita da manyan kamfanoni ta fi shafa, ƙaramin manomi ko a can kansa yake tsarewa.

A ganina, cikin wannan tulin takardu abu biyu ne masu amfani ƙwarai. Na farko tilasta faɗa. Ɗan kasuwa ko'ina yake ba ya son a ji an cuce shi, yakan haɗiye abin ya yi shiru, shirunsa kuma shi ke ba ɓarawo damar maimaita dabarar a rumfar gaba. Na biyu atisayen, wato a wayi gari a ce yau kwamfuta ba ta aiki, mu ga yadda za a auna, a biya, a loda. Sauran duk ana iya jinkirta su.

Yanzu mu dawo gida. Nijar ba ta zauna hannu rabbana ba. Akwai doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 mai hukunta laifuffukan intanet, kuma shiga na'urar wani ba izini, da lalata bayanai, da damfara ta waya duk suna ciki. Akwai dokar kare bayanan mutane ta 2017, wadda aka sabunta a 2022, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Akwai hukumar ANSI mai kula da harkar na'urorin gwamnati, da ARCEP mai sa ido kan kamfanonin waya. A ƙarshen 2022 gwamnati ta amince da tsarin tsaron intanet na ƙasa na 2023 zuwa 2027. Nijar na kuma cikin ƙasashe 15 na farko da suka tabbatar da yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka kan tsaron intanet da kare bayanai, wadda ta fara aiki a Yunin 2023. Maƙwabtanmu na Najeriya suna da tasu dokar tun 2015, sun gyara ta a 2024, kuma wannan ya shafe ka kai tsaye, tunda rabin wayoyinka Jibiya da Katsina da Dawanau suke tafiya.

Amma in za a faɗi gaskiya, ka tsayar da mutum goma a bakin kasuwa ka tambaye su dokar 2019, abin da za su ce maka shi ne dokar da ake kama mutum in ya yi magana a WhatsApp ko Facebook. Muhawarar da aka yi a kanta ma can ta karkata: a 2022 aka cire ɗauri kan zagi da ɓata suna, a Yunin 2024 aka mayar. Ɓangaren da ke kare kuɗin manomi da rajistar mangaza ba ya samun irin wannan surutu. Kuma doka mai hukunci bayan ɓarna take zuwa. Ko an kama yaron da ya kwashe kuɗin taki, in watan Yuli ya wuce, damina ba ta jiran shari'a.

Ina rauninmu yake? Na farko kuɗi, kuma nan ne na fi ganin kuka. Shekarun baya kai da kanka ko yaronka kuke ɗaure kuɗi a jiki ku tafi kasuwar ƙauye. Rashin tsaro a hanya ya sa aka koma tura kuɗi ta waya da gidajen aika kuɗi, kuma hakan alheri ne. Sai dai ɓarawon ya bi kuɗin. Ga yadda abin yake faruwa a gaban ido. Ranar kasuwa ce, rana ta take, ƴan dako na ta kai da kawo. Baƙo ya taya buhu goma na wake, an daidaita, ya ce ya tura. Wayar mai kaya ta yi ƙara, saƙo ya shigo da adadin kuɗin daidai, da sunan kamfani a farkon layi. Mai kaya ba ya karanta Faransanci sosai, lambobin ya gani, ya ce a ɗora. Da ya duba sama da kyau, zai ga daga lambar mutum saƙon ya fito, da hannu aka rubuta shi. Sai da yamma, da ya je cire kuɗi, ake ce masa ba abin da ya shigo. Ba a fasa na'urar kowa ba a nan. Hayaniyar kasuwa da kunyar a ce ka tuhumi baƙo, su aka yi aiki da su.

Ɗan'uwan wannan shi ne satar WhatsApp. Za a kira sakataren ƙungiyar manoma a ce daga wani shirin tallafi ne, an sa ƙungiyarsu cikin masu samun taki mai rahusa, yanzu za a turo masa lamba shida ya karanto don a tabbatar da rajista. Lambar nan makullin WhatsApp ɗinsa ce. Yana faɗa, asusun ya koma hannunsu, da hotonsa da sunansa da duk rukunonin da yake ciki. Kafin la'asar an rubuta wa mambobi cewa kowa ya turo jika biyar kuɗin rajista kafin gobe. Mutane sun ga sunan wanda suka sani shekara da shekaru, me zai sa su yi shakka? Ɓarnar ba ta tsaya kan jika biyar ba. Ranar da tallafin gaske ya zo, rabin mutanen ba za su yarda su ba da lambarsu ba.

Na biyu labarin farashi. Dattawa irinka ba su manta 2005 ba. A waccan shekara hatsi bai ƙare a kasuwannin Maraɗi ba, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka, yara suka cika cibiyoyin tamowa. Farashi kuwa da labari yake tafiya. Muna da SIMA mai tattara farashin kasuwanni, muna da RECA, wato haɗakar majalisun manoma ta ƙasa, da majalisar manoma ta jiha masu ba da shawara ta waya da WhatsApp cikin Hausa, kuma manoma sun amince da su. Wannan amincewa ita ce abin da ya kamata a tsare. Murya guda ta ƙarya da aka yaɗa da sunan hukuma, cewa za a rufe iyakar Ɗan Isa jibi, ko an hana fitar da wake, ko irin da aka raba gurɓatacce ne, tana iya sa manomi ya karyar da kayansa cikin kwana biyu, mai kuɗin da ya shirya abin ya kwashe. Yanzu kuma akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun maganarsa, don haka jin muryar da ka sani bai isa hujja ba.

Na uku, wanda jama'a ba sa gani, rajistocin gwamnati da na ƙungiyoyin agaji. Hukumar OPVN na riƙe da ajiyar cimakar ƙasa, ita ake fitarwa a sayar da rahusa lokacin da abinci ya yi wuya, daga bazara zuwa tsakiyar damina. Wa zai samu, a wace karkara, tan nawa, ana yanke wannan ne bisa alƙaluman da ake tattarowa daga ƙauyuka, a haɗa da na cibiyar AGRHYMET da ke Yamai mai nazarin ruwan sama da noma, a zauna nazari a Nuwamba da Maris. Mutane suna tunanin babban haɗari shi ne a goge waɗannan bayanai. Ni na fi tsoron a canza su a ɓoye. In aka goge, kowa zai sani, a koma takarda. In aka ƙara sunaye ɗari na bogi cikin jerin mabukata, ko aka rage adadin buhunan da ke rubuce a wata mangaza, ba ƙararrawar da za ta kaɗa. Kuma sau da yawa mai yin wannan ba wani gwani ba ne a wata nahiya, mutumin cikin ofis ne da ya san kalmar sirrin da mutum shida suke amfani da ita tare. Kada a ce wa zai kula da jerin talakawa: a Janairun 2022 ƙungiyar agaji ta ICRC ta sanar cewa an sace bayanan mutane sama da 515,000 da take taimakawa. A yankin da ake satar mutane don fansa, jerin da ke nuna wane ya karɓi kuɗi, a wane gari, ranar kaza, ba ƙaramin makami ba ne.

Na huɗu ba a hannunmu yake ba. Shinkafa da taki da man girki ta tashar ruwa suke shigo mana, a da ta Kwatano, tun bayan 2023 akasari ta Lome. A Yulin 2021 an kulle kwamfutocin kamfanin Transnet mai kula da tashoshin ruwan Afirka ta Kudu, manyan tashoshin ƙasar har da Durban suka koma aiki da hannu, kwantenoni suka yi cunkoso. In irin wannan ya sami tashar da muke dogaro da ita, ko na'urar duwan, a watan Mayu da ake jiran taki, a Jiratawa da Tasawa za a ji shi. Mun ma ɗanɗana yadda katsewa take ba tare da wani ɗan kutse ba: yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya a Agustan 2023, da tsinkewar wayoyin ƙarƙashin teku ranar 14 ga Maris 2024 da ta rage ƙarfin intanet a ƙasashen yankin har da Nijar.

Da za a tambaye ni me gwamnati za ta sa gaba, ba zan ce a sayo manyan na'urori ba. Zan ce a rubuta ƙarara cewa ajiyar cimaka, da tsarin farashi, da tsarin gargaɗin fari, da jerin masu karɓar tallafi, suna cikin abubuwan da ƙasa ba za ta iya rasawa ba, a ɗora alhakin kowanne kan mutum mai suna da muƙami. A sa kowane ma'aikaci ya shiga da tasa kalmar sirri, yadda in aka taɓa adadi za a san hannun wa. A ajiye kwafin bayanai a wurin da ba ya haɗe da intanet, a kuma riƙa gwada buɗe shi, domin na sha ganin kwafin da aka yi shekara ana ajiyewa, ranar bukata ya ƙi buɗuwa. A yi atisaye a Afrilu kafin ruwa ya sauka, da Satumba kafin kaka, a mangaza ta gaske, da leburori na gaske. A samar da lamba ɗaya da manomi zai kira ya yi bayani da Hausa, wadda ke da ikon sa kamfanin waya ya tsayar da kuɗin sata kafin a cire, domin a wannan harka minti talatin na farko sun fi wata guda na bincike. Sannan duk shirin tallafi ya riƙa shela a gidajen rediyon karkara, kafin ya fara, cewa ba ya kiran kowa ya nemi lamba ko kuɗin rajista. Wannan na ƙarshe kusan kyauta ne, amma ba kasafai ake yin sa ba.

Akwai kuma wata dama da muke da ita wadda manomin Iowa ya kusa rasawa. Mu ba mu manta aiki da littafi ba tukuna. Ƙungiyoyin da ke yin warantaji, wato a jinginar da hatsi a mangaza da kaka a karɓi bashi, a fanshe shi in farashi ya tashi, sun saba da kwaɗo biyu a ƙofa, makulli ɗaya wajen manoma, ɗaya wajen mai ba da bashi. Masu kawo shirye-shiryen zamani su kan zo da kwamfutar hannu su ce a bar littafi. Ban yarda ba. A yi aiki da na'urar, tana da sauri, amma littafin ya zauna, kuma wannan ƙa'ida ta makulli biyu a shigar da ita cikin na'urar, kada mutum ɗaya ya iya canza adadi ko fitar da kuɗi shi kaɗai.

Kai kuma, ranka ya daɗe, ga abin da ke hannunka tun daga gobe. Kada buhu ya hau mota saboda saƙon da ya shigo. Ka buga lambar duba asusu da kanka, ko yaronka ya buɗe manhajar ya ga kuɗin sun zauna, ko da mai sayen limami ne. In ka mayar da shi al'adar rumfarka ga kowa, ba wanda zai ji an raina shi. Lambar sirrinka kada ta zama shekarar haihuwa ko ƙarshen lambar wayarka, kuma yaron shago da ke taya ka danne-danne, in ya bar aiki, a canza ta a ranar. A WhatsApp akwai wurin sa makulli na biyu, cikin saituna, wanda ke hana a ɗauke asusunka ko an sami lamba shidan nan, minti biyu ake sa shi. In abokin cinikinka na Katsina ya rubuto cewa ya canza asusun da za a tura masa kuɗi, ka kira tsohuwar lambarsa, ka tambaye shi wani abu daga cinikinku na baya wanda ku biyu kaɗai kuka sani. In wayarka ta ɗauke rezo haka kawai alhali na kusa da kai suna da shi, kada ka jira gobe, ka je ofishin kamfanin da katin ɗan ƙasa, wataƙila wani ya sa an sabunta layinka a hannunsa. In kuma an riga an cuce ka, kada ka goge saƙon don haushi. Ka kira kamfanin nan take, ka kai ƙara wajen ƴan sanda ko jandarma da wayar a hannu, sannan ka faɗa wa sarkin kasuwa da maƙwabtan rumfarka lambar da aka yi amfani da ita, da irin maganar da mutumin ya zo da ita.